Ta Ruwa Muka Je Rigata

A gidanmu ana cewa mu Sarkawa ne ta wajen uwa, jinin masu jirgi da taru. Amma ni har na haura shekara 40 ban taɓa riƙe filafili ba, iyo kuwa ko a kududdufi ban iya shi ba. A Malanville aka haife ni, kogin Kwara yana bayan gari, ƙamshin kifi banda yana shigo mana ɗaki kowace safiya, sai dai abincina a kan gada Allah ya ajiye shi. Aikina cike takardun kaya ne, abin da muke kira tiranzit. Mota ta taso daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta ci kilomita fiye da 700, ta iso bakin iyaka, ni da ire-irena mu yi ta zarya da takardunta har a buga mata hatimi ta haye Gaya. Shekara 17 ina wannan. In na tsaya a kan gadar na hango masu kwale-kwale can ƙasa suna fama da ruwa, ba zan ɓoye muku ba, kallon waɗanda zamani ya wuce ya bari nake yi musu.

Kun san abin da ya biyo baya, domin tare ya same mu. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, CEDEAO ta sa takunkumi, aka rufe iyaka. Gadar da take ɗauke da arzikin ƙasashen biyu aka gitta mata kwantena. Direbobi suka yi watanni suna kwana a ƙarƙashin motocinsu. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata gefen, Nijar ta bar nata a rufe. Duk wanda ke da mara lafiya a Gaya, ko ɗaurin aure, ko gaisuwar mutuwa, ko buhun masara, sai ya gangara kwata ya nemi mai fito, kamar yadda kakanninmu suka yi tun garin nan ana ce masa Tassi, kafin a laƙa masa sunan wani gwamnan Faransa. Ni kuwa na koma zaman benci. Wata bakwai cur shinkafar da aka dafa a gidana daga kuɗin fito ta fito, domin 'ya'yan Kawu biyu suna da jirage, kuma ba su taɓa bari na buɗe baki na roƙa ba.

Kawu yayan mahaifiyata ne. An haife shi a wata tunga da ke kan tsibiri kudu da Yauri, inda Sarkawa masunta ke zaune a gefen Gungawa. Yana ɗan shekara 14 aka gama madatsar Kainji, a 1968, ruwa ya taso ya rufe tsibiran da gonaki da tsohon garin Busa, aka tashi mutum fiye da 40,000 aka kai su sababbin gidajen da gwamnati ta gina. Kakanmu ya je ya ga gidan da aka nuna masa, ya ga nisansa da bakin ruwa, ya dawo ya loda 'ya'yansa da tarunsa a jirgi, ya fuskanci sama. Bai tsaya ba sai nan. Matarsa, kakata, ba ta cikin jirgin. Shekara uku kafin nan ta rasu wajen haihuwa, aka binne ta a tsibirin, gindin wata tsamiya.

Kawu ya sha komawa Yauri sayen jirgi, don masassaƙan jirgin can sun yi suna, amma bai taɓa cewa a kai shi inda tungar take ba. Yanzu yana ta rufe masa ido, sai dai ya bambanta haske da duhu. Wani watan Fabrairu, gada na nan a rufe, ya ji a rediyo ana shelar bikin Rigata, wasan jiragen ruwa da ake yi a Yauri. Ya aika aka kira ni.

«Mushe,» ya ce, don haka yake kirana tun ranar da aka sa ni lakwal, «ka raka ni Yauri. 'Yan uwanka suna kan aiki, kai ne mai sarari.»

Na haɗiye wannan. Na ce, «To Kawu, mu bi mota, kwana ɗaya mun isa.»

Ya ce, «Ta ruwa muka zo, ta ruwa zan koma. In kana tsoro ka faɗa.»

Ina tsoro, amma ban faɗa ba.

Da asuba muka sauka kwata, hazon hunturu ya kwanta a kan ruwa har ba a ganin ɗaya gaɓar. Kogi a cike yake. Baƙo zai yi mamakin ganin haka a tsakiyar rani, wata huɗu rabon ƙasa da ɗigon ruwan sama. Ruwan da ke cika Kwara a Janairu da Fabrairu ba na daminarmu ba ne. Namu shi ne jan nan mai laka da ke zuwa a Agusta da Satumba, lokacin da Sota da Alibori da Mekuru ke juye abin da suka kwaso, ya haura ya cinye gonakin shinkafa. Wannan kuwa a tsaunukan Gini ya sauka tun damina, ya shiga fadamun Masina a ƙasar Mali ya bazu, ya huta, ya zubar da lakarsa, sa'an nan ya biyo ta wajen Tumbutu da Gao da Yamai ya iso mana bayan watanni, garai-garai. Masunta na ce masa baƙin ruwa. Ni a aji aka zana mini wannan a allo. Kawu hannu ya tsoma, ya ɗanɗana, ya ce ruwan ya kai ƙarshen cikarsa, nan da kwana goma zai fara ja.

Jirgin farko ƙarami ne, mu 20 da 'yan kai, da buhunan albasa da babur ɗaya a kwance. Muka bar gadar a bayanmu da kwantenoninta, Benin a dama, Nijar a hagu. Kafin rana ta yi zafi mun wuce gaban Dole Kaina, garin nan da iyaka ta raba shi tsakanin Nijar da Najeriya, muka shiga ƙasa ta uku ba tare da mun ga ko sanda a kafe ba. A jirgin ana Dendi, ana Zabarmanci, ana Fulatanci, amma in za a yi ciniki ko faɗa, sai kowa ya dawo Hausa.

A wata kwata da muka tsaya, wasu masu kaki suka karɓi katina suka yi ta juya shi. Suka ji Hausata da «duwan» da «lakwal» a ciki, ɗayansu ya ce, «Ashe Bafaranshe ne.» Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A Kwatano in na yi magana ɗan Najeriya ne ni, ko ɗan Nijar, sai na zaro takarda kafin a yarda ɗan ƙasa ne. Nan kuma, inda kakana ya fito, Bafaranshe. Duk Bahaushen Malanville ya san wannan zaman na tsaka-tsaki, ba sai na tsawaita ba. Na biya abin da aka ce na biya. Kawu ko takarda ba a tambaye shi ba. Hannunsa suka kalla, tafin da filafili ya mayar kamar fatar ganga, suka ce, «Baba, wuce.»

A Lolo muka sauya jirgi, muka canza sefa zuwa naira. Na biyun nan shi ne jirgi. Katako ne zalla aka harhaɗa da ƙusa, aka cusa tsumma a tsakani aka bi da kwalta, tsawonsa ya kusa na tirela, da injin Yamaha biyu a gindi da rumfar tamfol a tsakiya. An fara jera buhuna a ƙasa, sa'an nan jarkoki, sa'an nan mutane a kan kayan. Na ƙirga kawuna har 90 na daina, domin ƙirgar ba ta ƙara mini komai sai faɗuwar gaba. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Rigar ruwa uku na gani, yaran jirgin sun yi matashin kai da biyu.

Hankalina ya tafi ga abin da ya faru kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, ranar 26 ga Mayun 2021, a kan wannan ruwa, kudu da inda muka nufa. Jirgi irin wannan ya rabe da mutum fiye da 150 a ciki, waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce 20 da 'yan kai ba. Na raɗa wa Kawu cewa lodin ya yi yawa. Ya ɗora tafinsa a kan katakon, ya yi shiru kamar mai sauraron ƙirjin mara lafiya, ya ce, «Ya yi yawa. Amma jirgin sabo ne, kuma yaron da ke goshi ya san aikinsa.»

Sai a lokacin na lura da yaron. Bai fi shekara 16 ba, yana tsaye a goshin jirgi da doguwar gora a hannu, bai waiwayo ba ko sau ɗaya. Matuƙi yana can baya wajen inji, ba ya ganin gabansa saboda kaya. Hannun yaron yake kallo. In ya karkata yatsu hagu, jirgi ya bi hagu. In ya dunƙule hannu, inji ya sassauta. Ni ruwa ɗaya nake gani, shimfiɗaɗɗe. Shi yana ganin inda ya yi laushi kamar an zuba mai, alamar zurfi, da inda yake ƙananan tsalle, alamar tudun yashi na kwance a ƙasa, da inda ya yi ɗan murɗe, alamar dutse ko kututture. Hanyar nan kuma ba ta zama wuri ɗaya, kowace shekara ambaliya sai ta kwashe yashi daga nan ta tara can. Ba taswira, ba alama, ba wanda ya taɓa rubuta masa. Ni da na yi shekara 17 ina taƙama da sanin lambobin kuɗin fito na kowane irin kaya, na zauna ina kallon yaro yana karanta littafin da ko baƙinsa ɗaya ban sani ba.

Bayan azahar muka wuce inda Gulbin Kabi ke zubowa cikin Kwara. Kawu ya ji sauyin tafiyar jirgin ya tambaya ko mun iso mahaɗar, aka ce masa e. Ya ce wannan ruwan ta Argungu ya biyo, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, kuma ta nan kakannin Sarkawa suka gangaro daga ƙasar Kabi suka bazu a kogi, wasu suka yi sama har Mali, wasu suka yi ƙasa. Can gaba muka ga dorina huɗu, kunnuwa da hanci kawai a waje. Matuƙi ya ba su hanya mai faɗi, ba wanda ya yi magana sai da suka ɓace.

Wajen la'asar sakaliya abin ya faru. Rana ta sauko tana dukan ruwa, hasken ya ɗauke wa yaron gani na ƙiftawa ɗaya. Sai muka ji gum a ƙarƙashi, inji ɗaya ya yi kururuwa ya mutu, jirgi ya juya ya ba ruwa haƙarƙarinsa. Ruwa ya haura baki ya zubo a kan buhuna. Mata suka ɗauki salati, mutanen gefen da ya nutsa suka miƙe gaba ɗaya za su ruga ɗaya gefen. A nan na ji wata murya daga bakin Kawu da ban taɓa sanin yana da ita ba.

«Kowa ya zauna inda yake! Wanda ya tashi shi ya kashe mu!»

Aka zauna. Tsoho makaho ya zaunar da mutum 90. Daga baya ya gaya mini ba kasafai ruwan da ya shigo ke kifar da babban jirgi ba, gudun mutane zuwa gefe ɗaya ne. Yaran jirgi suka kafa gora, suka miƙar da goshinsa, aka yi ta kwarfe ruwa da robobi da kwanonin abinci. Da na dawo hayyacina sai na ga hannuwana biyu a damƙe da rigar Kawu. Ni ne aka aiko na kula da shi. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake, to ni tsohon da ba ya gani na kama. Bai ce komai ba, bai kuma taɓa tayar da zancen ba, wanda hakan ya fi zagi ciwo.

Farfela ce ta sari kututture ta lanƙwashe. Muka lallaɓa da inji ɗaya zuwa wata tunga muka kwana a kan yashi, don ba mai hankalin da ke tafiyar dare a wannan ruwa. Matan tungar suka kawo mana tuwon shinkafa da miyar tarwaɗa, suka ƙi karɓar ko sisi. Da safe aka daddaƙe farfelar da guduma a kan dutse, aka mayar, muka ci gaba. Kafin azahar muka hango Yauri.

Gari ne tsoho, kuma tun da can mashigar fatake ce masu zuwa Gwanja sayen goro. Ta gabansa Mungo Park ya wuce a farkon 1806, a wani jirgi da ya harhaɗa daga kwale-kwalen Bambara ya sa masa suna Joliba. Nan tafintansa ya rabu da shi, ya ci gaba ba mai nuna masa hanya, ya halaka a duwatsun Busa. A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka zo Yauri neman takardunsa, daga baya suka gangara a kwale-kwale har bakin teku. A lakwal an koya mana sunayen waɗannan Turawa a matsayin masu gano kogi. Sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka tuƙa su ba a koya mana ba.

Ranar biki tun hantsi bakin ruwa ya cika. An kafa rumfuna, Mai Martaba Sarkin Yauri Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi ya iso da tawagarsa, algaita na tashi, 'yan bindiga na sakin wuta. Mu muka sami gindin wata bishiya can gefe, kusa da ruwa, inda Kawu ya ce zai fi ji.

Yadda mutanen Yauri ke ba da labari, asalin wasan nan yaƙi ne. Jaruman Gungawa kan fita cikin jirage da zago da masu su tari dorinar da ta addabi gonaki da masu fito, kuma a nan samari ke koyon yaƙin ruwa. Da Turawa suka hana farautar dorina, sai abin ya koma wasan nuna bajinta a bikin auren masu hali da tarbar manyan baƙi. Sunan kansa aro ne daga Turanci, su ma Turawan Ingila daga masu jiragen birnin Fenis na Italiya suka aro shi. Kalmar ta yi tafiya mai nisa kafin ta zo ta zauna a bakin Bayauri kamar a nan aka haife ta.

Da jiragen suka ɓullo daga bayan wani gungu, sai na manta da yunwar da nake ji. Dogaye ne, sirara, an yi musu fenti, an kafa tutoci, kowanne da matuƙa a jere gefe biyu, da makaɗi a tsakiya, da wani a tsaye a goshi yana rawa da mashi, jirgi na gudu shi ko gezau. Filafilai su tashi tare, su faɗa tare, ruwa ya yi fari. Wani jirgi ya zo gaban rumfar Sarki a guje kamar zai hau tudu, sai matuƙan suka kafe filafilai lokaci guda ya tsaya cik, irin tsayuwar doki a hawan salla, suka ɗaga hannu suka yi jinjina. Aka yi tseren iyo, aka yi nutso. Na yi ta ƙoƙarin kwatanta wa Kawu launuka, ya ɗaga mini hannu.

«Yi shiru, Mushe, kana rufe mini ido.»

Da aka saki jiragen tsere ya karkata kai, ya saurara. Ya ce, «Na can gefen yamma, hannunsu ɗaya ne. Na kusa da mu akwai mutum biyu a hagu da ke makara.» Na duba, wallahi haka ne. Ya ce na yamman ne zai ci. Na biyu ya zo. Da na gaya masa, sai ya ce ai laifin mai riƙon gindi ne, ya buɗe da yawa wajen juyawa, shi ya ji lokacin da ruwan ya canja kuka. Wani dattijo da ke kusa da mu ya ce gaskiyar Baba ne. Suka shiga hira, ashe tungarsu da tasu maƙwabta ne a da.

Ina zaune a wurin na tuna wani bidiyo da wani tsohon abokin aikina da ke Faransa ya taɓa turo mini. A birnin Rouen aka ɗauka, wanda in Bafaranshe ya faɗi sunansa sai ka ji kamar ya ce «ruwan». Na san sunan a takardun kaya, tashar jiragen ruwa ce a kan kogin Sen. Tun 1989, bayan 'yan shekaru sukan tara manyan jiragen da iska ke turawa daga ƙasashe daban-daban, masu turaku uku ko huɗu da suka fi rimi tsawo, da ƙyallaye farare jere a sama, da matasan sojan ruwa a tsaitsaye kan igiyoyi. Miliyoyin mutane ke zuwa kallo. Irin jiragen nan su suka yi dakon duniya kafin injin tururi ya karɓe aikin a ƙarni na 19. Waɗanda suka rage yanzu na koyar da ɗalibai ne da na biki. Mai zuwa kallonsu a jirgin ƙasa yake zuwa, ko a mota, in ma ya hau jirgin fito to mai tikiti ne, an san adadin wanda ya shiga, kowa da rigar ruwansa a ƙarƙashin kujera.

Su abin da suka ajiye suke yi wa biki. Mu namu yana kan aiki. Samarin nan da aka tafa wa a gaban Sarki, jibi su ne za su loda buhuna da mata masu goyo su nufi kasuwa. Mai sanarwa yana ta cewa «al'adar kakanninmu, gadon da muka gada», kamar abin da aka ciro daga gidan tarihi aka kakkaɓe. Ni kuwa jiya-jiya na ga al'adar nan tana kwarfe ruwa da kwanon tuwo. Ban ce kada a yi biki ba, na ji daɗinsa fiye da yadda zan iya rubutawa, kuma ya kamata yaran nan su ji an tafa musu ko sau ɗaya a shekara. Abin da ya tsaya mini shi ne a ranar kowane jirgin da ya ɗauki babban baƙo cike yake da rigunan ruwa sababbi fil, jiragen talakawan da suka kawo 'yan kallo daga ƙetare kuwa a nutse suke har baki. Kututturan da ke cikin tafkin Kainji, ragowar itatuwan da ruwa ya rufe tun 1968, suna nan suna jiran jirage. Mu ma ba mu kuɓuta daga laifi ba. Na sha ganin an miƙa wa mutum rigar a kwatar Malanville ya ture, ya ce in kwana ya ƙare riga ba ta hanawa. Mutumin nan kuwa da dare sai ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu.

Washegari dattijon nan ya haɗa mu da jikansa, mai ƙaramin jirgi da ɗan inji. Kawu ya faɗa masa alamomi: wani tudu mai kai biyu a yamma, da wani dutse a gabas da ake shanya taru. Yaron ya ce dutsen ba ya fitowa sai ruwa ya ja sosai, amma ya san wurin, babansa ya hana su zuba taru a nan don kullum sai ya maƙale.

Muka yi kudu fiye da awa ɗaya. Gaɓa ta yi ta ja da baya har kogi ya zama tafki. Can yaron ya duba tudun, ya duba bayansa, ya kashe inji.

«Baba, nan ne.»

Ba komai a wurin. Ruwa ne ko'ina, da wata farar balbela a kan tarin kainuwa. Yaron ya zura gora har ƙarshenta, da hannunsa har kafaɗa, ba ta taɓa ƙasa ba. Ya matsa kaɗan ya sake zurawa, sai muka ji ta daki wani abu mai tauri, ta goge shi. Kawu ya karɓi gorar, ya yi ta taɓa abin a hankali, nan da can, kamar mai shafa fuskar wanda ya daɗe bai gani ba. Ko tsamiyar ce, ko wata bishiyar ce daban, Allah ne masani. Shi dai ya ce ita ce.

Ya ɗaga hannu, muka ɗaga. Ya karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, ya kira sunan mahaifiyarsa, ya roƙa mata gafara, da jaririn da aka binne tare da ita, da duk Musulmin da ke kwance a ƙarƙashin wannan ruwa. Ya ɗebo ya wanke fuska. Sa'an nan ya ce na zubar da ruwan da ke gorar robata na cika ta da wannan, na kai wa ƙanwarsa, don shekararta shida aka fita da ita, ba ta tuna komai sai bishiyar.

Yaron ya kai hannu zai ja igiyar inji, Kawu ya ce a'a, ba a tayar da inji a kan maƙabarta, a fita da filafili tukuna. Ya lalubo shi a ƙasan jirgi. Na ɗauka yaron zai ba. Sai na ji ya ɗora mini a cinya.

Na tsoma, na ja da iyakar ƙarfina. Jirgi ya juya. Na sake ja, ya ƙara juyawa. Sau uku muna kewaya wuri ɗaya, tudun nan mai kai biyu yana zuwa yana wucewa. Yaron ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Kawu ya matso, ya kama wuyan hannuna.

«Ba da ƙarfi ba, Mushe. Nutsa shi duka. Ja. To, kafin ka fitar, murɗa shi waje kaɗan. Haka. Sake.»

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Tafina ya yi bororo biyu, ɗaya ya fashe. Amma da Kawu ya ce wa yaron ya tayar da inji, balbelar tana can bayanmu, ƙarama.

Komowa kwana uku ta ci, don hawa ne, kuma ruwan ya fara ja kamar yadda ya faɗa. A kasuwar Yauri na sayi rigar ruwa huɗu da ragowar kuɗina na kawo wa 'ya'yan Kawu. Biyu ana sa wa yara in an ɗauko su, biyu kuwa na same su rannan an shimfiɗa wa fasinja a kan benci. Ɗana mai shekara tara yanzu kowace Lahadi yana kwata, suna koya masa iyo a inda ruwa bai wuce ƙirji ba. Ni ina tsaye a gaɓa da takalmansa a hannu.

Daren da muka iso na kai wa mahaifiyata gorar. Ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga ta wajen fitila, ta daɗe tana kallo.

«Tsamiyar tana nan?»

Na ce, «Tana nan, Inna. Kawu ya taɓa ta.»